Yadda Ake Ɗinka Bargon Faci Don Gasar Baje Kolin Noma a Amurka Ko Da Lokaci Ya Yi Ƙaranci

A bukukuwan baje kolin noma na Amurka, daga na ƙaramar gunduma har na jiha, bayan garken shanu da tumaki da tulin masara akwai zaure guda da ake warewa aikin hannu, kuma abin da ya fi cika shi barguna ne irin waɗanda suke kira kwilt. Bargo ne mai hawa uku: fuskar da aka harhaɗa da ƙyallaye, auduga a tsakiya, shafi a baya, sannan a bi duka ukun da ɗinki don kada audugar ta dunƙule. Wanda ya taɓa duba lifidin dawakin sarauta da kyau ya riga ya san dabarar.

Al'adar ta daɗe. A 1807 Elkanah Watson ya nuna tumaki biyu a dandalin garin Pittsfield da ke Massachusetts, a 1811 ƙungiyar manoman Berkshire da ya kafa ta yi bikinta, ba a jima ba kuma aka soma ba da kyauta kan saƙa da ɗinkin da mata ke yi a gida. New York ta yi bikin jiha na farko a Syracuse a 1841, Iowa ta bi a 1854. A da matan gona kan yi ɗinkin da hunturu, lokacin da ƙanƙara ta rufe ƙasa babu aikin waje, su kai shi gasa da bazara ta nuna. Da yawa daga cikin masu ɗinkin yau suna da aikin ofis ko asibiti ko makaranta, ga yara, ga gida, ranar kai kaya kuma ba ta matsawa don kowa. Abin da ke raba mai samun kyauta da mai komawa hannu rabbana shi ne zaɓen zane mai sauƙi, a yi shi da tsabta, a kuma bar wa aikin ƙarshe isasshen lokaci.

Fara da littafin ƙa'idoji

Kafin a sayi ko da ƙwaryar zare, a nemi littafin ƙa'idojin bikin, wanda ake sawa a shafinsu na intanet watanni kafin lokaci. Akwai ranaku uku a ciki, kuma kowace daban take: ranar rufe rajista, ranar kai kaya, da ranar buɗe biki. Bikin Iowa kwana 11 yake yi a Agusta, na Minnesota kwana 12 ya ƙare a Litinin ɗin farko ta Satumba, amma alƙalai kan gama duba barguna tun kafin a buɗe ƙofa, rajista kuma ta riga haka da makonni. Wanda ya yi lissafinsa da ranar buɗe biki ya makara tun bai fara ba.

A duba rukunin da kyau. Ana raba barguna bisa girma, bisa yadda aka yi fuskar, da kuma wanda ya yi ɗinkin haɗa hawa ukun: da hannu, da keken gida, ko an biya mai babban keke mai dogon hannu ya yi. Bargon da aka sa a rukunin da ba nasa ba ana iya ajiye shi gefe komai kyansa. Bukukuwa da yawa kuma suna sharɗanta cewa a 'yan shekarun nan aka gama shi, kuma bai taɓa shiga gasarsu ba.

Daga ranar kai kaya sai a ƙirga mako 12 baya. Mako biyu na farko sayen yadi da wanki da yanka, biyar na gaba harhaɗa fuska, uku na haɗa hawa da ɗinke su, ɗaya na rufe bakin bargon, na ƙarshe a bar shi fanko don ciwo ko baƙo ko keke ya lalace. Minti 20 a rana, kwana shida a mako, awa biyu ke nan, kuma ya isa yawancin aikin muddin keken yana ajiye a buɗe da zarensa a ciki, ƙyallen da za a ɗinka gobe kuma an jera shi a gefe tun daren yau. Yanka da shimfiɗa hawa uku ne kaɗai suke bukatar zama mai tsawo, a ware musu safiyar Asabar.

Zane da yawan yadi

Ga mai ƙarancin lokaci, allo mai gida tara ya fi: murabba'i tara, biyar masu duhu huɗu masu haske, ana jera shi bi da bi da allon yadi zalla. Jeri 9, kowane jeri allo 7, allo 63 ke nan, 32 masu gida tara, 31 na zalla. Da kewayen inci 4 bargon zai tashi inci 50 a faɗi, 62 a tsawo.

A sayi auduga zalla mai faɗin inci 42 zuwa 44: mai duhu yadi 1, mai haske yadi 2, na kewaye yadi 1, na rufe baki rabin yadi, na shafi yadi 3 da rabi. Audugar ciki ta kai inci 58 da 70 aƙalla. Zaren auduga mai lamba 50, allurar keke 80/12, fil mai rufe baki kimanin 200. Wuƙar yanka mai juyawa, wadda kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979, da tabarmarta da doguwar rula mai inci 24 suna rage aikin yanka nesa ba kusa ba, kuma bakin yadi ya fi fita daidai fiye da na almakashi.

A wanke kowane yadi daban kafin yanka. Ja da shuɗi mai duhu su ne masu zuba, don haka a jiƙa ɗan ƙyalle a ruwan zafi tare da farin ƙyalle, in farin ya ɗauki launi a sake wankewa ko a canza yadin. Atamfa tana yin bargo mai ɗaukar ido ƙwarai, amma sai an wanke taurin da ke jikinta, in ba haka ba allura za ta riƙa tsallake ɗinki.

Yanka da haɗawa

A yanka ziri mai faɗin inci 2½ daga baki zuwa baki: 10 na duhu, 8 na haske. A haɗa su uku-uku ta tsawo: haɗi huɗu na duhu, haske, duhu, haɗi biyu na haske, duhu, haske. Kowane haɗi a sake datse shi a gicciye da faɗin inci 2½, zai ba da gutsure 16. Biyu daga na farko da ɗaya daga na biyu a tsakiya su ne allo guda. Allon zalla kuwa murabba'i ne mai inci 6½, daga yadi mai haske.

Duk wannan lissafi ya rataya ne kan abu ɗaya, wato cin ɗinki, tazarar da ke tsakanin bakin yadi da layin ɗinki, ya zama kwatan inci cif. In ya zarce da kashi ɗaya cikin 16 na inci kawai, kowane layi yana cinye kashi ɗaya cikin 8, tunda yadi biyu yake ci. Allon gida tara yana da layi biyu ta kowace fuska, sai ya fito inci 6¼, allon zalla kuma yana nan a 6½, ba za su taɓa haɗuwa ba sai an ja ɗaya ko an tattare ɗaya, kuma duka biyun suna nunawa. Saboda haka a yi gwaji tukuna: a haɗa gutsure uku masu inci 2½, a goge, a auna. In ba a sami 6½ ba a gyara, sannan a manna tef a kan farantin keke a inda bakin yadi zai riƙa bi. Tsawon ɗinki milimita 2 zuwa 2.5. A riƙa tura gutsure ɗaya bayan ɗaya ba tare da an yanke zare ba, sai a ƙarshe a raba su, wannan yana ceton lokaci da zare.

Guga a nan dannawa ce, ba a jan dutsen guga gaba da baya, domin ja yana miƙar da yadi ya karkace. A kwantar da cin ɗinki zuwa ɓangaren duhu. Idan aka yi haka, wajen haɗa gutsuren uku cin ɗinkin sama zai kalli dama, na ƙasa ya kalli hagu, su kama juna, kusurwoyi su haɗu daidai ko da fil kaɗan. Wajen jera alluna a kwantar da shi zuwa allon zalla.

Kewaye shi ne inda gaggawa ta fi ɓata aiki. Kada a ɗauki dogon ziri a ɗinka a baki a datse ragowar, domin bakin fuskar ya riga ya ɗan miƙe, kewayen zai fito yana lanƙwasa in an rataye bargon. A auna tsawon fuskar ta tsakiyarta, ya kamata ya zama inci 54½, a haɗa ziri masu faɗin 4½ kai da kai, a yanka biyu daidai wannan tsawon, a sa fil a tsakiya da ƙarshe biyu, a rarraba abin da ya rage tsakaninsu. Sai a auna faɗi ta tsakiya, inci 50½, a yi na sama da na ƙasa haka.

Hawa uku

A raba yadin shafi biyu, a cire bakin masaƙa, a haɗa su ya zama ya fi fuskar da inci 4 ta kowane gefe. A shimfiɗa shi fuskarsa ƙasa a kan daɓe mai tsabta, a manne bakinsa da tef, a miƙe amma ba a ja ba. In an ja shi, da an cire tef zai koma ya tattare fuskar. A ɗora auduga, a ɗora fuska, a sa fil daga tsakiya zuwa waje, tazarar faɗin tafin hannu, kimanin inci 4.

Ɗinkin da ya fi sauri kuma ya dace da wannan zane shi ne layuka miƙaƙƙu daga kusurwa zuwa kusurwa, suna ratsa gidajen duhu, sannan a gicciye su ta ɗayan ɓangaren. A sa wa keken ƙafa mai haƙora a sama, wadda ke jan hawan sama tare da na ƙasa, in babu ita hawan sama kan zame ya bar ninki a inda layuka suka haɗu. Tsawon ɗinki milimita 3. A fara daga tsakiya. Ledar audugar tana ɗauke da iyakar tazarar da ta halatta tsakanin layuka, kada a wuce ta. A riƙa juya bargon ana duba baya: in zaren sama ya leƙo ta ƙasa, ko na kwarkwaro ya leƙo ta sama, ɗaurin zaren bai daidaita ba, a tsaya a gyara a kan ƙyallen gwaji. Ƙarshen kowane zare a ƙulle shi a shigar cikin auduga da allurar hannu. Alamar da aka yi da alƙalami mai shuɗin tawada da ruwan sanyi ake fitar da ita, kuma kada dutsen guga ya taɓa ta kafin nan, zafi na iya kama ta har abada.

Rufe baki

Alƙali da yawa hannunsa kan fara zuwa baki da kusurwa, shi kuwa mai gaggawa nan yake zuwa a gajiye, daren jajibirin kai kaya. A datse bargon da rula, kusurwa huɗu su tsaya cif. A yanka ziri 6 masu faɗin 2½, a haɗa su a karkace don kada haɗin ya yi tudu, a ninke biyu ta tsawo a goge. A ɗinka shi ta fuska da cin kwatan inci. Saura kwatan inci a kai kusurwa a tsaya, a cire daga keke, a ɗaga zirin sama ya yi karin karkace, a sauko da shi daidai da baki na gaba, a ci gaba. Daga nan a juya shi baya a kama da hannu, ɗinki ƙanana kusa da juna, da zare mai launin zirin. Dole auduga ta cika cikin bakin, in an matsa shi da yatsa aka ji fanko alƙali ma zai ji. Ninkin kusurwa a ɗinke shi gaba da baya. Kewayen inci 224 ne, yana iya cin awa biyar ko fiye, sai dai aikin hannu ne da ake yi ko'ina, a zaune ana hira ko ana jiran yara.

In ƙa'ida ta nemi aljihun ratayewa, galibi inci 4 ne: ziri mai faɗin inci 8½ a ninke, a kama shi da hannu a saman baya, a bar ɗan sako don sanda ta shiga ba tare da ta turo fuskar ba. A ɗinka ƙyalle mai suna da gari da shekara a ƙasan baya, in kuma an ce alƙali kada ya ga suna a rufe shi da wani ƙyalle na ɗan lokaci.

A wanke da ruwan sanyi, a shimfiɗa a ƙasa, a daidaita kusurwoyi da tef ɗin awo tun yana da danshi, a bar shi ya bushe a haka. A tsince zare da gashin kyanwa ko na kare. Warin taba ko hayaƙi kan sa a rage maki. A kai shi cikin rigar matashi mai tsabta, da takardar rajista a maƙale inda aka ce.

Ana ba waɗanda suka ci gasar ƙyallen lambar yabo: a Amurka shuɗi na wanda ya zo na ɗaya ne, ja na biyu, fari na uku, a Kanada da Birtaniya kuwa ja ne na ɗaya. Kuɗin kyautar ƙalilan ne, sau da yawa ba su kai na yadin ba. A bukukuwan da alƙali ke rubuta sharhi, takardarsa takan faɗi wane gefe ne ya karkace ko ina zare ya saki, a nemi a karɓe ta. A adana rasit ɗin ajiya, domin da shi ake karɓar bargon, kuma ranar karɓa takan zo ne bayan an rufe biki, cikin 'yan sa'o'in da littafin ƙa'idoji ya ƙayyade.