Shafinka yana intanet amma Google bai san da zamansa ba

A Damagaram yanzu ba wuya ka ga mai shagon kayan fata, ko ƙungiyar mata, ko makarantar kuɗi, sun biya an gina musu shafin intanet. Bayan wata biyu a rubuta sunan a Google, shiru. Daga nan sai ka ji ana cewa ai sai an biya kamfanin kafin ya nuna ka. Ba haka ba ne. Google ba ya karɓar ko dala ɗaya don ya saka shafi cikin sakamakon bincike. Talla ce kaɗai ake saye da kuɗi.

Kafin ka zargi kowa, shiga Google ka rubuta site: ka liƙa masa adireshin shafinka ba tare da barin fili ba. In shafuka sun fito, an san da kai, matsalarka ta matsayi ce, wato inda kake fitowa a jerin sakamakon. In babu ko ɗaya, to mu fara daga ƙofa.

Sau da yawa a kulle take, kuma mai ginin ne ya kulle ta. A WordPress, manhajar da ake gina shafuka da ita, ƙarƙashin Réglages, sashen Lecture, akwai ɗan akwati mai roƙon injinan bincike kada su ɗauki shafin. Ana danna shi lokacin da ake aiki don kada a ga gini rabi da rabi, ranar buɗewa kuma a manta. Muddin alamar na nan, kowane shafi yana ɗauke da umarnin noindex, wato kada a saka shi cikin sakamakon bincike, Google kuwa yana bin umarnin. Cire ta. Ka duba fayil ɗin robots.txt shi ma, wanda ke faɗa wa injinan bincike inda za su shiga: layin Disallow: / shi kaɗai ya isa ya hana Googlebot, manhajar Google mai zagaya shafuka, shiga ko'ina.

Na biyu, rashin yin rajista da Google Search Console, dandalin Google na masu shafuka, alhali kyauta ne. Za ka tabbatar cewa shafin naka ne, ka miƙa taswirarsa, wato fayil mai jera duk adireshin da ke ciki. Tun 2020 WordPress yake yin wannan taswira da kansa da sunan wp-sitemap.xml. A Search Console ne Google zai faɗa maka shafukan da ya ɗauka da waɗanda ya bari, har da dalili. Don Allah rajistar ta kasance da imel ɗinka, ba na yaron da ya yi maka aikin ba, domin gobe yana iya komawa Yamai ko ya canza lamba. Kuma neman a duba shafi ɗaya kullum ba ya ƙara sauri. Abin yana ɗaukar kwanaki, wani lokaci makonni.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne shafi marar rubutu. Mun saba da hoton talla na WhatsApp, wanda farashi da lambar waya da kwatancen shago duk suna cikin hoto, sai a kwashe su a zuba a shafi a ce an gama. Mutum yana karantawa, amma abin da injin bincike ya fi dogara da shi rubutu ne. Baduku da ke unguwar Birni ya rubuta da kalmomi: jakar fatar akuya, ɗinkin hannu, launi kaza, girma kaza, ana aikawa Maraɗi da Agadas da Kano. Kowane kaya da shafinsa da takensa. Taken da ke cewa Accueil kawai, wato shafin farko, bai faɗa wa kowa komai ba. Sa sana'arka da garinka. Ka tuna wani Zinder zai rubuta, wani Damagaram, wani da Faransanci zai nema, wani da Hausa. Sunayen biyu su fito cikin bayaninka yadda ake magana, kowane harshe kuma ya samu shafinsa daban maimakon a cakuɗa su. Cusa kalma ɗaya sau ashirin ba ya taimako, gurbin meta keywords ma, inda ake jera kalmomin nema a ɓoye, tun 2009 Google ya sanar cewa ba ya aiki da shi. Wanda ya kwafo rubutun wani kuwa, ya sani Google yakan zaɓi guda cikin masu kama da juna, kuma da wuya ya zama na mai kwafe.

Hotuna a rage musu nauyi. Yadda shafi yake a waya shi Google yake dubawa, mai saye kuma ba zai ƙone kuɗin intanet ɗinsa yana jiran hoto ɗaya ba.

Sai batun mahaɗi, wato wani shafi ya nuna naka. Tun kafa Google a 1998 wannan yake cikin ma'auninsa, shi ya sa 'yan damfara suka mai da shi kasuwa. Za a ce maka kawo jaka biyar a ba ka mahaɗi dubu. Kada ka ba da. Tun 2012, da tsarinsa mai suna Penguin, Google yake tankaɗe irin waɗannan. Ko ya yi watsi da su kuɗinka ya tafi a banza, ko ya hukunta shafin. Watsa adireshi a rukunin WhatsApp yana kawo mutane, kuma abu ne mai kyau, sai dai Google ba ya ganin abin da ke cikin hira, don haka ba ya cikin lissafi.

Mahaɗi mai amfani daga mutanen da kake hulɗa da su yake fitowa. Ƙungiyar da kuke aiki tare, dillalin da ke sayen kayanka, ɗan jaridar da ya yi hira da kai, malami ko ɗalibi a Jami'ar André Salifou da ya yi bincike kan sana'arka: in suna da shafi, roƙe su kai tsaye su sa adireshinka inda suka ambace ka. Ka kuma ba su dalili. Bayanin yadda ake jima da bagaruwa a majema, daga jiƙa fata har shanya, da hotunanka na kanka, abu ne da ba a cika samu da Hausa ba, kuma duk mai rubutu kan fata zai so ya nuna shi. Mahaɗi uku irin waɗannan sun fi dubun da aka sayo.

Ka saka shagonka a Google Maps, shi ma kyauta ne, da suna da lambar waya iri ɗaya da na shafin. In za ka canza adireshin wani shafi, a yi masa turawa ta 301, wato umarnin da ke kai mai ziyara daga tsohon adireshi zuwa sabon, in ba haka ba duk wanda ya bi tsohon mahaɗi kuskuren 404 zai tarar, wato saƙon ba a sami shafin ba. Sunan shafi kuma, ko .ne ne ko .com, haya ce ta shekara. Rubuta ranar ƙarewarsa, ka sabunta tun da sauran wata guda, ka kuma tabbata da sunanka aka yi rajistarsa.