Yadda ake tsara rufin katako mai jure gobara ba tare da ɓarnar kaya ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban gidan da ya ƙone zai ga bangon bulo yana nan a tsaye, rufin ne ya rufta. Wuta kan tashi a ɗaki guda, ta huda silin, ta shiga sararin da ke tsakanin silin da kwano, daga nan ta bi katako ta zagaye gidan. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ta cinye dubban shaguna, kuma duk inda aka jera ɗakuna ƙarƙashin rufi ɗaya, wuta ba ta neman ƙofa. Maganin wannan yana farawa ne tun a takarda, kafin a sayi ƙusa ko ɗaya.

Ka fara da tsayin rufin. Yanzu ana yayin rufi mai tsini sosai, ana ganin shi ne ado. Amma ka lissafa: gini mai faɗin mita 8, idan gangaren rufinsa digiri 45 ne, kowace rafta, wato katakon da ke gangarowa daga tsinin rufi zuwa bango, za ta kai kusan mita 5.7. Idan digiri 20 ne, mita 4.3 ta isa. Katako da kwano sun ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku, ba don komai ba sai kwalliya, ga kuma ƙaton kogo a saman gida cike da iska da busasshen itace. A ƙasar da ba ƙanƙara ke taruwa a kan rufi ba, matsakaicin gangare ya wadatar ruwan damina ya sauka.

Sai kaurin katako, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Katako ba ya ƙonewa gaba ɗaya lokaci guda. Bayansa ne ke zama gawayi, gawayin kuma ya kare cikinsa daga zafi. Katako mai laushi wuta kan ci kimanin milimita 0.65 zuwa 0.8 a minti ɗaya, wato wajen santimita 2 cikin rabin awa, ta kowace fuskar da ta same shi. To ka ɗauki tu-bai-tu, wato katako mai inci biyu a kowane gefe, mai kaurin santimita 5: wuta ta ci biyu ta nan, biyu ta can, me ya rage? Shi ya sa katako kaɗan masu kauri sun fi tarin sirara. Ka sa tu-bai-siks ko tu-bai-fo, wato mai inci biyu da shida ko biyu da huɗu, a rafta da tai-bim, katakon da ke kwance daga bango zuwa bango yana riƙe ƙafafun rafta, gwargwadon faɗin ginin, ka bar ƙananan wajen ɗaukar kwano da silin kawai. A wurin saye kuma ka tafi da tef, domin abin da ake kira tu-bai-fo a kasuwa sau da yawa bai cika ba. Ka ɗaga shi ka ji: ɗanye nauyi gare shi da sanyi a hannu, kuma zai murɗe bayan an buga, ƙusa ta saki.

Wajen haɗawa, ƙarfin rufi daga kusurwa uku yake fitowa. Tai-bim a ƙasa, rafta biyu a sama, tokare a tsakiya, kowanne ya haɗu da ɗan'uwansa a gaɓa ɗaya. Na taɓa hawa wani rufi na tarar an cusa guntayen katako barkatai, wai don ƙarin ƙarfi, alhali rabinsu ba abin da suke ɗauka. Mai gida ya biya kuɗinsu, wuta kuma ta samu abinci. Yawancin katakon kasuwa ƙafa 12 ne, saboda haka ka tsara awonka yadda yanka zai fito ba ragowa da yawa, kada kuma haɗin katako biyu ya faɗo a tsakiyar fili inda nauyi ya fi yawa. Inda ginin ya yi faɗi sosai, a nemi injiniya ya yi lissafi. A ɗaure katakon kan bango da rodi ko langa-langa da aka binne cikin kankare, saboda iskar farkon damina.

Game da gara, ina roƙon a daina shafa baƙin mai. Arha ne, gaskiya, amma jiƙa itace da mai shirya shi ne wa wuta. Akwai maganin gara na katako da ake sayarwa, a shafa a bar shi ya bushe sarai kafin a rufe.

Mataki na gaba shi ne raba sararin rufin. Bangon da ke tsakanin shago da shago, ko tsakanin kicin da sauran gida, kada ya tsaya daidai silin. A ɗaga shi da bulo har ya taɓa kwano, in son samu ne ya ɗan zarce, kuma kada katako ɗaya ya ratsa shi daga wannan ɓangare zuwa wancan. Bulo 'yan layuka ne, amma su ke tsayar da wuta a inda ta tashi har 'yan kwana-kwana su iso.

Silin kuma garkuwar katako ce. Na roba narkewa yake yana ɗiga, ga hayaƙi mai guba. Na filasta, wanda ake kira fi-o-fi, akwai ruwa a cikin sinadarinsa, kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, wanda zafi ke fitarwa a matsayin tururi, ya jinkirta wutar. Ko ba za a iya sa shi ko'ina ba, a sa a kicin da ɗakin kwana.

Kafin a rufe silin, ka hau da kanka ka duba wayar lantarki. Kowace ta bi cikin bututu, kowane haɗi ya kasance cikin akwatinsa, ba a murɗe da salatif a yar a kan katako ba, inda ɓera zai gwagwiye shi a zafin bazara. A share dusar katako da guntaye da ma'aikata suka bari, sannan a bar 'yar ƙofa a silin wadda mutum zai iya shiga da tocila ya duba, musamman gab da hunturu.