Yadda ake amfani da citta don ciwon mara lokacin al'ada

Ciwon mara yana tasowa ne idan mahaifa ta matse da ƙarfi don fitar da jini, citta kuwa tana rage sinadarin da ke sa wannan matsewar. Shi ya sa lokacin farawa ya fi komai muhimmanci: ki soma sha tun ranar da kika ji alamar zuwan jinin, kada ki jira sai ciwon ya kwantar da ke.

Ki samu ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa, ki kankare, ki daddaka, ki zuba a ruwa kofi 2, ta tafasa minti 10 a rufe. Ki tace, ki sha rabin kofi da ɗuminsa sau 3 a rana, kwana 3. In garin busasshiya ce, kwatan ƙaramin cokali a ruwan ɗumi ya isa kowane sha.

Kada ki sha da yunwa, tana jawo ƙwannafi, musamman ga mai gyambon ciki. Kada ki ƙara kanwa; gishirinta yana tayar da hawan jini. Mai shan maganin tsinka jini ta tambayi likita tukuna.

Idan jinin yana zuba da gudaji manya, ko ya wuce kwana 7, ko akwai zazzaɓi, ki tafi asibiti.