Kurakuran da ke kayar da masu shirin jarrabawa a ilimin gama-gari da al'amuran yau da kullum

A jarrabawar neman aiki, ko gurbin karatu, ko tallafin karatu, inda masu nema suka ninka guraben da ake da su, ɓangaren ilimin gama-gari da al'amuran yau da kullum ne aka fi rainawa. Za ka ga mutum ya kwashe watanni yana fama da lissafi da harshe, ya ajiye wannan ɓangaren sai saura mako guda, wai ai labarai ne, kowa na jin labarai. To, ba a fafe gora ranar tafiya, wannan kowa ya sani. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne wanda ya yi karatun da gaske, ya hana idonsa barci, sannan ya zubar da maki saboda yadda ya yi karatun. Da shi nake magana a nan.

Babban kuskuren da na fi gani shi ne haddace amsa ba tare da shekararta ba. Wani kaso mai yawa na wannan ilimi yana da wa'adi: gaskiya ne jiya, yau ya zama kuskure. Ɗauki tambayar da ake yawan yi, wace ƙasa ce ta fi girman ƙasa a Afirka? Duk littafin da aka buga kafin 2011 zai ce maka Sudan, kuma bai yi ƙarya ba. Amma ranar 9 ga Yulin 2011 Sudan ta Kudu ta samu 'yancin kai, bayan 'yan kwanaki ta zama mamba ta 193 a Majalisar Ɗinkin Duniya, Aljeriya kuma ta hau matsayi na ɗaya. Tarayyar Turai tana da ƙasashe 28 har zuwa ranar 31 ga Janairun 2020, lokacin da Birtaniya ta fice aka koma 27. Ƙungiyar tsaro ta NATO ta tashi daga 30 zuwa 31 da shigar Finlan a 2023, sannan 32 da shigar Suwidin a 2024. Wanda ya haddace cewa Sin ce ta fi kowace ƙasa yawan jama'a, ya kamata ya ji cewa a ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya Indiya ta wuce ta a 2023. Ko sunayen ƙasashe da birane ba su tsira ba. Swaziland ta koma Eswatini a 2018. Babban birnin Kazakistan kuwa an sauya masa suna daga Astana zuwa Nur-Sultan a 2019, aka sake mayar da shi Astana a 2022, ta yadda littattafai uku za su iya ba ka amsa iri biyu kuma kowanne ya yi daidai a lokacinsa. Har sararin samaniya abin ya taɓa: tun 2006 masana taurari suka cire Pluto daga jerin manyan duniyoyin da ke kewaya rana, suka rage takwas, amma har gobe akwai masu rubuta tara.

Masu tsara tambayoyi sun san wannan rauni sarai. Shi ya sa sau da yawa za ka tarar da tsohuwar amsar zaune a cikin zaɓin da aka ba ka, tana jiran wanda ya yi karatu da tsohon littafi.

Gyaran ba shi da wahala. Kafin ka amince da kowane littafi, buɗe shafin farko ka duba shekarar da aka buga shi. Sannan ka raba littafin rubutunka gida biyu. Gida na farko na abin da ba ya motsi ne: an kafa Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 24 ga Oktoban 1945 da ƙasashe 51, dutsen Kilimanjaro da ya fi kowane tsawo a Afirka yana Tanzaniya, da makamantansu. Gida na biyu na abin da ke motsi ne: masu riƙe da muƙamai, yawan mambobin ƙungiyoyi, masu riƙe da kofuna, ƙasashe goma da ake zaɓa zuwa Kwamitin Sulhu na wa'adin shekara biyu. Wannan gidan ka rubuta shi da fensir, kuma kowane layi ka sa masa kwanan wata a gefe. Kada ka rubuta "Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya: António Guterres" ka tsaya. Rubuta cewa ya kama aiki a Janairun 2017, kuma ka tabbatar da hakan a rana kaza. Idan jarrabawa ta rage mako biyu, ka zauna da wannan gidan kaɗai ka bi shi layi-layi kana sake tantancewa. Aikin yini ɗaya ne, amma yana ceto makin da karatun wata guda ba zai ceto ba.

Kuskure na gaba shi ne rikita abubuwan da suka yi kama da juna. Waɗannan nake kira tagwaye, kuma su ne abincin mai tsara tambaya. A birnin Hague na ƙasar Holan akwai kotuna biyu da mutane ke haɗawa. Kotun Duniya ɗaya ce daga manyan sassan Majalisar Ɗinkin Duniya, tana da alƙalai 15, kuma ƙasa da ƙasa ne ke kai ƙara gabanta. Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya kuwa mutane take gurfanarwa, ta samo asali daga Yarjejeniyar Roma, kuma ba sashen Majalisar ba ce. Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya duk 'ya'yan taron Bretton Woods ne da aka yi a Amurka a 1944, duk suna Washington, amma na farko ya fi karkata ga bashin ayyukan raya ƙasa na dogon zango, na biyu kuma ga ƙasar da ta shiga matsalar kuɗin waje da daidaiton tattalin arziki. Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka an kafa ta a Addis Ababa ranar 25 ga Mayun 1963, Tarayyar Afirka da ta gaje ta an ƙaddamar da ita a Durban a 2002. Kyautar Nobel ta zaman lafiya a Oslo ake miƙa ta, sauran a Stockholm.

A cikin tagwayen nan akwai wasu iri biyu da suka cancanci shafi nasu na daban. Na ɗaya, babban birni da birni mafi shahara. Hankali yana saurin tafiya Sydney, Istanbul, Toronto, Casablanca, alhali amsoshin su ne Canberra, Ankara, Ottawa da Rabat. Afirka ta Kudu ma manyan biranenta uku ne, Pretoria da Cape Town da Bloemfontein, kuma Johannesburg ba ya cikinsu. Na biyu, shekarar da aka yanke abu da shekarar da ya fara aiki. Birtaniya ta yi zaɓen raba gardama a 2016, ta fita daga Tarayyar Turai a 2020. An amince da Yarjejeniyar Roma a 1998, ta fara aiki a 2002. Gasar Olamfik da ake kira Tokyo 2020 a 2021 aka yi ta, saboda annobar korona. Maganin tagwaye shi ne kada ka taɓa karanta ɗaya shi kaɗai. Ka jera su kusa da kusa a shafi guda, ka rubuta abu ɗaya da ya raba su, da kalmominka.

Sai kuma masu bin labarai ba taswira. Wannan ya fi zama hasara a wurina, domin mutum yana ba da lokacinsa kullum amma ba ya ɗaukar komai. Kanun labari shi kaɗai ba ya zama a ƙwaƙwalwa, sai an ɗaure shi a jikin wani abu. Duk labarin da ka ga ya kai a rubuta, yi masa tambaya uku: a ina, su wa, kuma me ya jawo? Bari in ba da misali. A watan Maris na 2021 katafaren jirgin dakon kaya mai suna Ever Given ya maƙale a mashigin Suez, ya toshe hanya na kwana shida. Mai bin kanun labarai ya riƙe sunan jirgin, bayan wata biyu ya manta. Mai taswira kuwa ya duba ya ga mashigin yana Masar, ya haɗa Bahar Rum da Bahar Maliya. Ya bincika ya ga an buɗe shi a 1869, kuma Gamal Abdel Nasser ya mayar da shi mallakar ƙasa a 1956. Ya bi Bahar Maliya da yatsa zuwa kudu ya tarar da mashigin Bab al-Mandab kusa da Yemen da Jibuti, ya gane cewa idan hanyar ta toshe sai jirage sun zagaya ta ƙarshen kudancin Afirka. Labari ɗaya ya ba shi tarihi da labarin ƙasa da tattalin arziki, kuma duk lokacin da aka sake ambaton yankin, yana da inda zai rataya sabon bayanin. Idan ba ka da taswirar duniya a inda kake karatu, ka nemo ta kafin ka sayi wani sabon littafi.

Game da yawan majiyoyi ba zan ja magana ba. Jarida ɗaya mai mutunci ko tashar labarai ɗaya da kake bi kullum, da littafi ɗaya na kwanan nan, sun fi zaure goma na WhatsApp. Jerin "tambayoyi da amsoshi" da ake turawa daga waya zuwa waya galibi ba wanda ya san wanda ya rubuta su ko yaushe. Lamba ko kwanan wata da ka gani a irinsu, kada ta shiga littafinka sai ka duba shafin hukumar da abin ya shafa.

Akwai wani kuskure mai yaudara, saboda yana kama da ƙwazo: maimaita karanta shafi ɗaya har ido ya saba da shi. Sabon ido daban, riƙewa daban. Kana kallon shafin za ka ji kamar ka san komai, a rufe shi a tambaye ka, sai ka ji amsar tana bakinka ta ƙi fitowa. Tun a 1885 Bajamushe masanin halayyar ɗan Adam Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farkon lokaci bayan koyo, kuma bita a kan kari tana rage ta. Saboda haka da ka gama shafi, rufe shi, ɗauki farar takarda ka rubuta abin da ka tuna. Inda ka kasa, nan ne ainihin karatunka yake. Ka dawo kansa washegari, sannan bayan kwana uku, sannan bayan mako, sannan bayan wata. Idan kana da abokin karatu, ku riƙa yi wa juna tambaya da baki. Abin da ka sha kunyar kasa amsawa a gaban mutum da wuya ka sake mantawa da shi.

Tsofaffin tambayoyi ma ana yi musu mummunar fahimta. Wasu suna haddace amsoshinsu da fatan a maimaito. Amfaninsu ya wuce haka: suna nuna maka inda mai tambaya ke yawan leƙawa, da nisan watannin labarai da yake komawa baya, da irin tarkon da yake so. Kowace tambaya mai zaɓi huɗu darasi huɗu ce. Idan an tambayi hedikwatar Hukumar Lafiya ta Duniya, aka jera Geneva, Paris, Roma da Vienna, bai isa ka san Geneva ba. Ka san cewa hukumar ilimi da kimiyya da al'adu ta UNESCO na Paris, Hukumar Abinci da Aikin Gona na Roma, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da man fetur ta OPEC na Vienna, domin baɗi ɗaya daga cikinsu ce za ta zama amsa.

A cikin ɗakin jarrabawa kuma, gaggawa ce ke cinye makin wanda ya sani. Kalma guda tana juya tambaya: "banda", "ba", "na farko", "na yanzu". Ɗan Afirka na farko da ya zama Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne Boutros Boutros-Ghali na Masar a 1992. Kofi Annan na Ghana, wanda ya gaje shi a 1997, shi ne na farko daga kudu da Sahara. Sahara ita ce hamada mai zafi mafi girma, amma idan an cire kalmar "zafi", Antaktika ce amsa. Karanta tambaya har ƙarshe, ka ja layi ƙarƙashin irin waɗannan kalmomi in an yarda a yi rubutu a takardar.

Batun canke kuma lissafi ne, kuma ya kamata ka yi shi tun a gida. Fara sanin ko ana rage maki a kan amsar da ba daidai ba. Idan ba a ragewa, kada ka bar ko tambaya ɗaya ba amsa. Idan ana ragewa, duba nawa. A ce zaɓi huɗu ne, daidai maki ɗaya, kuskure a cire kashi ɗaya cikin uku na maki. Ka canki tambaya 12 ido rufe, abin da za ka sa rai shi ne uku daidai, tara kuskure: ka samu uku, an cire uku, ba riba ba faɗuwa. Amma idan a kowacce ka iya kawar da zaɓi biyu da ka tabbata ba su ba ne, sai a koma shida da shida: ka samu shida, an cire biyu, ka tashi da huɗu. Saboda haka tambayar da ba ka san komai a kanta ba ka wuce ta, wadda ka rage wa zaɓi biyu kuwa ka amsa ta, ka sa mata ƙaramar alama ka dawo idan lokaci ya rage.