Mai shirin tafiya Brazil, ka kula da tukunyar wake

Salamu alaikum 'yan uwa. Wannan shawara ce ga masu tafiya karatu ko kasuwanci.

Shinkafa da wake ne abincin yau da kullum a Brazil, kuma a nan matsalar take ga Musulmi. Sau da yawa da naman alade ake dafa waken don ya yi ɗanɗano, ko da ba ka ga yanka a ciki ba. Feijoada, wadda gidajen abinci a Sao Paulo suka saba yi ran Laraba da Asabar, baƙin wake ne da naman alade, sau da yawa har da naman sa. Har farofa, garin rogon da ake soyawa a barbaɗa, wasu na sa masa kitsen alade. Kafin ka ɗiba ka tambaya: "Tem porco?" wato akwai alade? Ka tambayi bacon (kyafaffen naman alade) da linguiça (tsiran alade, wato sosej) daban, don wasu masu sayarwa ba sa lissafa su cikin alade.

A ganina gidan abincin da ake aunawa a kilo ya fi, domin kana ganin abin da kake zubawa. Idan ka je birnin Salvador kuwa, nemi acarajé: ƙosai ne da aka soya da manja, a tsaga a cusa jatan lande.

Turanci ba zai kai ka nesa ba, harshen Fotugal suke yi. Ka nemi lambar CPF, wato lambar shaidar mai biyan haraji ta Brazil, da wuri, sai da ita ake buɗe asusun banki. Kuma kar ka manta rigar sanyi, a kudu Yuni da Yuli ne hunturu.