Yadda na gyara intanet ɗin wayar Alhaji a Alƙahira

Daga Birnin Kebbi na raka kakannina Masar ganin dalar Giza. Mun sayi layin can a filin jirgi, kira na shiga, intanet kuwa shiru. Hajiya ta ƙagu ta tura wa jikokinta hotuna.

Na kashe wayar na kunna, na ƙara data, duk a banza.

Ashe wayar mai layi biyu ce, datar tana kan layin Najeriya. Na shiga saiti, wurin katin SIM, na mayar da data kan SIM 2, wato layin Masar. Na buɗe APN na wannan layin, wato saitin da ke haɗa layi da intanet, na danna maido da saitin asali. Sai na kunna yanayin jirgi na daƙiƙa 30, na kashe. 4G ya fito, hotunan suka tafi.

Alhamdu lillahi, hankalin tsofaffin ya kwanta.