Yadda za ka tantance kanka a Mastodon

A Mastodon, wata kafar sada zumunta, ba a sayen alamar tantancewa. Shafinka na intanet ne zai tsaya maka shaida.

1. Buɗe fayil ɗin HTML na shafinka, ka saka mahaɗin asusunka na Mastodon, ka ƙara masa rel="me". Rubuta shi kai tsaye. In JavaScript ne ke ƙirƙiro shi, kamar yadda React (wani kayan gina shafuka da JavaScript) ya saba, Mastodon ba zai gan shi ba. Nan ake yawan tuntuɓe.
2. Tabbatar adireshin shafin da https ya fara.
3. Shiga wurin gyara bayananka a Mastodon, ka liƙa adireshin shafinka a ɗaya daga gurabe 4 da ke ƙasa, ka adana.
4. Dakata kaɗan, gurbin zai koma kore. In ya ƙi, goge adireshin, adana, ka sake sakawa.